Wasiƙa Daga Ingila a Kan Natsuwar da Likita Ke Rubutawa

Zuwa ga iyaye, yayye, ƙanne da sauran dangi na gida,

Mai wannan wasiƙa, wanda neman ilimi da neman abinci suka zaunar da shi a arewacin Ingila, ya ga ya dace ya rubuto game da wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a asibitoci da makarantu da ma'aikatun wannan ƙasa, domin labarinta ya fara isa gida ta wayoyin hannu, kuma a gutsure yake isa, wasu na ɗaukarta maganin kowane ciwo, wasu kuma na ganin bautar gumaka ce aka sake wa riga. Ɗabi'ar ita ce horon halartar hankali, wato mutum ya ware lokaci ya zauna shiru, ya tsayar da hankalinsa a kan abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa a daidai lokacin da yake ciki, ba tare da ya yaba ko ya kushe abin da ya tarar ba. Yawanci numfashi ake riƙewa a matsayin madogara, mutum ya bi shigarsa da fitarsa, idan hankali ya zille zuwa bashin jiya ko fargabar gobe, wanda kuwa dole ne ya zille, sai ya lura da cewa ya tafi, ya maido shi a hankali ba tare da ya zargi kansa ba. Malaman wannan fanni suna nanata cewa maidowar ita ce horon, kuma wanda hankalinsa ya gudu sau da yawa ya maido shi sau da yawa bai yi asarar zamansa ba.

Asalin abin ba a ɓoye yake ba, kuma bai kamata a ɓoye shi ga mutanen gida ba. Ya fito ne daga koyarwar Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce, kuma mabiyansa masu gudun duniya a ƙasashe irin su Myanmar da Tailan da Sri Lanka suka riƙa yin sa a matsayin wani sashe na hanyar da suka yi imani tana raba mutum da wahalar rayuwa. Wanda ya shigar da shi asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, Ba'amurke masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta, wanda ya yi horo a hannun malaman addinin Buddha, sa'an nan a shekarar 1979 ya buɗe wani sashe na rage matsin rai a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts da ke birnin Worcester. Marasa lafiyar da aka fara tura masa galibi masu daɗaɗɗen ciwon jiki ne da likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu a kansu ba a dace ba. Ya cire sunan Buddha da aƙidarsa da bukukuwansa daga cikin darasin, ya bar zama da numfashi, da bin sassan jiki ɗaya bayan ɗaya da hankali tun daga yatsun ƙafa har zuwa tsakar ka, da wasu 'yan motsa gaɓoɓi marasa wuya, ya kuma tsara shi ya zama karatun mako 8, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, ana kuma neman kowa ya yi kimanin minti 45 a gida kullum. Wannan tsari, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da MBSR, shi ne tushen kusan duk abin da ake koyarwa da wannan suna a ƙasashen Yamma a yau.

Inda abin ya fi jan hankalin mai wasiƙa shi ne yadda aka juya shi zuwa ga ciwon damuwa mai tsanani, wato cutar da ke sa mutum ya yi makonni ko watanni zuciyarsa a dagule, ya daina jin daɗin abinci da hira da aiki, barci ya lalace masa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya fara tunanin halaka kansa. Babbar matsalar wannan cuta ita ce dawowa, domin wanda ta taɓa kamawa sau biyu ko uku yana cikin haɗarin ta sake kama shi ko da ya warke sarai. Wasu masana halayyar ɗan Adam su uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, sun lura da cewa ƙofar da cutar ke bi ta dawo ita ce saƙa da warwara, wato ɗan ɓacin rai na yau da kullum ya taso, sai zuciya ta kama shi ta shiga tambayar kanta dalilin da ya sa take haka, ta tono kurakuran baya, ta hango munanan abubuwa a gaba, har ƙaramin ɓacin ran ya zama rami. Sai suka haɗa horon Kabat-Zinn da dabarun gyaran tunani da likitocin ƙwaƙwalwa suka saba amfani da su, suka samar da tsarin da ake kira MBCT, wanda manufarsa ita ce majinyaci ya koyi kallon tunaninsa a matsayin abin da ke zuwa ya wuce, ya daina karɓar duk abin da zuciya ta raya masa a matsayin gaskiyar da aka tabbatar. Mutumin da zuciyarsa ta ce masa ya zama kaya a kan iyalinsa, idan ya samu wannan horo, yana iya gane cewa tsohuwar muryar ciwon ce ta dawo, ya bar ta ta wuce ba tare da ya shiga gardama da ita ko ya miƙa mata wuya ba.

A gwajin da suka wallafa a shekarar 2000, wanda aka yi a Cambridge da Bangor da Toronto, an ga cewa a cikin waɗanda cutar ta taɓa kamawa sau uku ko fiye, dawowarta ta ragu da kusan rabi ga waɗanda aka ƙara wa wannan horo a kan kulawar da aka saba ba su, amma ga waɗanda ta kama sau biyu kawai ba a ga wannan amfani ba. A kan irin wannan hujja ne hukumar NICE, wadda ke tantance magunguna da hanyoyin jinya da asibitocin gwamnati za su yi amfani da su, ta amince da shi tun shekarar 2004 ga masu yawan dawowar ciwon. Wani babban gwaji kuma da Willem Kuyken ya jagoranta, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2015, ya raba majinyata 424 gida biyu, rabi suka ci gaba da shan ƙwayar maganin damuwa, rabi kuma aka ba su horon tare da taimaka musu su rage ƙwayar ko su daina, bayan shekara biyu aka tarar ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na masu horo da kashi 47 na masu ƙwaya. Wannan bambanci ƙarami ne da ba a iya gina hukunci a kansa, saboda haka abin da masanan suka iya faɗa shi ne horon bai fi ƙwaya ba, amma hanya ce ta biyu ga wanda ba ya son ya dawwama a kan magani.

Sauran fa'idojin da ake ambata suna da hujja daidai gwargwado. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka shafi mutum 3,515, suka wallafa a 2014 cewa akwai matsakaiciyar hujja a kan raguwar fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su sami shaidar cewa horon ya fi magani ko motsa jiki ba. Wata ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sa shi a 2017 cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi masu ƙarfi, bisa fahimtar cewa ko ciwon bai tafi ba, tsoronsa da ƙanƙame jiki saboda shi suna ƙara masa nauyi, kuma wannan ƙarin ana iya sauke shi. Abin da ya wuce haka na da'awar cewa yana maganin hawan jini da ciwon suga da tsufa, ya fi yawa a bakin masu talla fiye da takardun masu bincike.

A nan ne mai wasiƙa ya ga wata ɗabi'a ta mutanen wannan ƙasa da ta fi horon kansa daraja a idonsa, wato auna abin da suke ƙauna da kuma bayyana sakamakon ko da bai yi musu daɗi ba. Bayan da wasu 'yan majalisar dokokin Birtaniya suka fitar da rahoto a 2015 suna kira da a faɗaɗa horon zuwa makarantu da gidajen yari da wuraren aiki, masanan Jami'ar Oxford da abokan aikinsu suka gudanar da wani gagarumin gwaji a makarantun sakandare 84, a kan yara fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14. Da sakamakon ya fito a 2022, sai ya nuna cewa darussan ba su inganta lafiyar zukatan yaran fiye da darussan tarbiyya da aka saba yi musu ba, yawancin yaran ba su yi aikin a gida ba, kuma da dama sun ce ya gundure su. Waɗanda suka sanar da duniya wannan labari su ne mutanen da suka shafe shekarun aikinsu suna yaɗa horon, Kuyken da Williams na cikinsu, kuma ba su nemi wata kwana ba. Duk wanda ya san yadda ake tallar magani a kasuwannin gida da tashoshin mota, inda kwalba ɗaya ke maganin basir da shawara da sammu, kuma ba a taɓa jin mai magani ya ce ya gwada bai yi ba, zai gane dalilin da ya sa wannan ya taɓa zuciyar mai wasiƙa. Da wannan ɗabi'a ce kuma aka gano cewa horon yana iya cutar da wasu, domin binciken Willoughby Britton ta Jami'ar Brown a Amurka ya nuna cewa akwai waɗanda dogon zaman shiru ke tayar musu da firgici, ko ya dawo musu da mugun abin da ya taɓa samunsu, ko ya sa su ji kamar sun rabu da jikinsu. Saboda haka wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga, ko mai fama da taɓin hankali, bai kamata ya shiga wannan horo shi kaɗai ba tare da kulawar likita ba.

Tambayar da ta fi damun mai wasiƙa ita ce dalilin da ya sa al'umma mai yalwar abinci da wutar lantarki da asibiti kyauta ta wayi gari tana buƙatar a koya mata zama shiru. Wani ɓangare na amsar yana cikin tsarin rayuwarta. Kusan gida uku cikin goma a Birtaniya mutum ɗaya ne tak a cikinsa, maƙwabci yana iya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, ziyara sai da alƙawari, kuma kaɗaici ya kai matsayin da a watan Janairun 2018 Firaminista Theresa May ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, alhakin yaƙi da shi. Agogo ne ke mulkin yini, aiki yana bin mutum har gado ta cikin wayarsa, kuma a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a arewacin ƙasar, ma'aikaci ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. 'Yan Najeriya da yawa da suka shigo bayan an buɗe bizar aikin kula da tsofaffi a 2022 sun faɗa cikin wannan yanayi kai tsaye, suna aikin dare na awa 12, suna kwana a ɗaki ɗaya na haya, suna aika kuɗi gida, kuma idan aka kira su a waya amsarsu ita ce lafiya lau. Abin da zaman zaure da majalisar ƙofar gida da zuwa suna da biki da ta'aziyya ke sauke wa mutum a gida ba tare da kowa ya kira shi jinya ba, a nan mutum shi kaɗai yake ɗauke da shi, kuma horon halartar hankali ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da aka samo na taimaka masa ya ɗauka.

Kasuwa ba ta bar wannan dama ta wuce ba. Manhajojin waya irin su Headspace da Calm suna karɓar kuɗin wata ko na shekara domin wata murya ta jagoranci mutum ya yi numfashi na minti goma, manyan kamfanoni kuma, irin su Google da ya fara nasa shirin a 2007, suna shirya wa ma'aikatansu darussa. Wani malamin jami'a a San Francisco, Ronald Purser, ya rubuta littafi a 2019 yana sukar wannan salo, bisa hujjar cewa ana koya wa ma'aikaci jure matsin da ya kamata a rage masa, ana mai da matsalar albashi da yawan aiki ta zama matsalar zuciyarsa shi kaɗai. Mai wasiƙa yana ganin gaskiya a wannan suka, domin ma'aikaciyar jinya da aka bar wa majinyatan da suka fi ƙarfinta ƙarin hannu take buƙata kafin darasin numfashi, kuma ba adalci ba ne a miƙa mata manhaja a ce an kula da lafiyarta.

Batun addini shi ne wanda iyaye za su fi son jin bayani a kansa. Darasin da ake bayarwa a asibitocin gwamnati a nan babu sujada ga wani abu a cikinsa, babu kiran sunan wani abin bauta, kuma Musulmi da Kirista da wanda ba shi da addini suna zama a aji ɗaya, ko da yake akwai cibiyoyin mabiya Buddha da ke koyar da shi tare da aƙidarsa, waɗanda bambanta su da na asibiti ba shi da wuya. Musulmin da ya yi karatun zaure kuma ba baƙo ba ne ga tarbiyyar hankali. Tun a littafin Ahalari yaro ke koyon cewa ɗuma'nina, wato gaɓoɓi su natsu a ruku'u da sujada kafin a ɗago, tana cikin farillan salla, malamai kuma suna yawan magana a kan khushu'i, wato halartar zuciya da ƙanƙan da kai a gaban Allah. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan muraƙaba da muhasaba, wato mutum ya tsare zuciyarsa bisa sanin cewa Allah na ganinsa, ya kuma riƙa yi wa kansa hisabi. Tun kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai inda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake jinya, kuma masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara sashen littafin zuwa Turanci, ya kuma yi rubutu a kan tafakkuri. Masu wazifa da wuridi a zawiyoyin Kano da Zariya da Damagaram sun san abin da maimaita ambato cikin natsuwa ke yi wa zuciya.

Duk da wannan kusanci, mai wasiƙa ba ya goyon bayan masu cewa abu ɗaya ne. Mai muraƙaba yana tsare zuciyarsa ne saboda Wanda yake ganinta, kuma yana auna abin da ya tarar a cikinta da ma'aunin halal da haram, alhali mai horon asibiti an ce masa ya lura kawai, ya jinkirta hukunci, manufarsa kuma sauƙin ciwo ce. Wanda ya mai da salla dabarar rage gajiya ya rage mata daraja, haka nan wanda ya ce wa mai ciwon damuwa salla ta ishe shi, ya bar zuwa asibiti, ya ɗora masa laifi a kan ciwo. Akwai masu tsayuwar dare da azumin nafila da wannan cuta ta kama, kamar yadda ciwon suga ke kama su.

Wannan ne ya kawo magana kan abin da ke ci wa mai wasiƙa rai game da gida. Al'adar da ta koyar da haƙuri da kunya da kawaici, waɗanda kyawawa ne da yake kewarsu kullum a ƙasar da ba a cika ganinsu ba, ita ce kuma ta koyar da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, har ya zama matar da ta haihu ta kasa barci ta kasa son jaririnta ba ta da wanda za ta gaya wa, saurayin da ya daina fita daga ɗaki kuma a ce masa rago ne ko mai ƙarancin tawakkali, idan abin ya yi tsanani a ce iska ce ko sammu. Mutanen Ingila sun rasa jama'ar da za ta kewaye mai damuwa, amma sun ba ciwonsa suna, sun buɗe masa ƙofar likitan unguwa, kuma ma'aikaci yana iya karɓar takardar hutu saboda shi ba tare da an yi masa kallon mahaukaci ba. A gida jama'ar na nan, sai dai sau da yawa ba ta san abin da take gani ba. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, wasunsu ma suna nan Ingila suna aiki. Alhali kuwa a Najeriya ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara a 1954, a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, wani tsari na zaunar da majinyatan ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma, tsarin da likitocin duniya suka riƙa zuwa koyo.

Roƙon mai wasiƙa ga iyaye shi ne, idan ɗa ko 'ya da ke ƙasar waje ta ce likita ya tura ta ajin halartar hankali, kada a fara da tuhumar imaninta, a fara da tambayar tun yaushe barci ya ƙaurace mata, da wa take cin abinci, da kuma ko kuɗin da ake jira daga gare ta a ƙarshen wata ya fi ƙarfinta. Ga ƙanne masu sha'awar gwada abin daga bidiyon intanet kuwa, zama na 'yan mintuna da bin numfashi ba ya buƙatar a biya kowa kuɗi, kuma ga mai gajiyar karatu ko ɗan zullumin jarrabawa yana iya kawo sauƙi, amma wanda ya ji zaman yana ƙara masa firgici ya dakata. Wanda kuma ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a dagule, ya daina ci, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, 'yan'uwa su raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, kuma wani daga cikin dangi ya zauna tare da shi har a ga likitan.

Gaisuwa ta musamman ga iyaye mata da kakanni, tare da neman addu'arsu. Wassalam.